Ɗan Garuwa Bai Yi Gudun 256 Ba: Martani Kan Bindigar Awon Gudu Ta Yara

Na karanta rubutun da wani malami ya yi a wannan fili makonni biyu da suka wuce, inda ya yi wa bindigar awon gudu ta yara wankin babban bargo. Na yi dariya a duk inda ya so a yi dariya, domin Malam ya iya riƙe alƙalami. Ya ba mu labarin yadda ya tarar da yaran unguwarsu sun yi cincirindo a bakin titi, ɗayansu riƙe da wata roba mai siffar bindiga, duk motar da ta gifta sai su saita ta, su karanta lamba, su ɗauki ihu. Malam ya karɓa, ya saita wani ɗan garuwa da ke tura kurarsa, na'urar ta nuna masa 256. Nan take ya yanke hukunci cewa ƙarya aka ɗura a roba aka sayar wa iyaye, cewa awon gudu aikin hukuma ne, kuma yaron da ya saba da leƙen motocin mutane sa ido ake koya masa tun yana ɗanye.

Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, kuma irin wannan na'ura ta daɗe a durowar teburina. Cikin kayan wasan gwanjo na tsince ta, mai sayarwar ma ya ɗauka bindigar ruwa ce da ta lalace. Saboda haka ina roƙon Malam ya yi min haƙuri in fara da wanke ɗan garuwa.

Kamfanin Mattel na Amurka ne ya fito da wannan abin wasa a shekarar 2006, ƙarƙashin sunan Hot Wheels, a kan kuɗi kusan dala 30. Hot Wheels su ne 'yan ƙananan motocin ƙarfen nan da yara ke gangarawa a kan ledar tsakar ɗaki, kuma ana ƙera su ne a kan ma'aunin ɗaya bisa 64 na girman motar gaske. Don yaro ya ji daɗi, sai aka sanya wa bindigar maɓalli mai matsayi biyu. A matsayi na farko tana faɗin gudun abu yadda yake. A na biyu tana ninka shi sau 64, wato tana cewa da wannan 'yar mota babba ce, ga gudun da take yi. Yanzu Malam ya ɗauki 256 ya raba da 64. Huɗu zai samu. Kilomita huɗu a awa, daidai tafiyar bawan Allahn da ke tura jarkoki cike da ruwa a rana tsaka. Shaidar da Malam ya gabatar don ya kayar da na'urar, ita ce ta wanke ta. Da ya ture maɓallin da ɗan yatsa, da rubutunsa ya rasa abin dariya.

Ban ga laifinsa sosai ba. Mun saba da kayan wasan da ba su da komai a ciki sai fitila mai walƙiya da ƙara mai hana barcin rana, shi ya sa duk abin da aka kira kayan wasa muke ɗaukarsa holoƙo. Wannan kuwa rada ce ta gaske a cikinta (rada nake nufi, na'urar hangen jirage, ba raɗa ta bayan kunne ba), kuma dokar da take aiki da ita kowane ɗan kasuwar bakin titi ya san ta da kunnensa ko da bai san sunanta ba. Idan tirela ta danno hon daga nesa, muryar tana zuwa da kaifi, tana wuce ka sai ka ji ta yi kauri ta faɗi. Direban bai canza hon ba. Tahowar motar ce ke matse igiyoyin sauti a gabanta, tafiyarta kuma tana miƙe su a bayanta. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Christian Doppler, shi ya bayyana wannan a 1842. Bayan shekara uku wani Bature ɗan Holan mai suna Buys Ballot ya so ya ji da kunnensa, sai ya ɗora masu busa ƙaho a kan jirgin ƙasa kusa da birnin Utrecht, ya jera wasu mawaƙan a gefen dogo suna sauraron yadda muryar ke hawa da sauka. Kullum in na zo nan a aji, nakan ce wa ɗalibai da masu algaita ya samu da aikin ya fi masa sauƙi, tunda su suna iya riƙe murya ɗaya ba tare da sun yanke numfashi ba.

Abin da sauti ke yi, igiyar rediyo ma tana yi. Bindigar yaran tana fitar da igiya mai kaɗawa megahaz 10,525. Don a gane girman lambar, tashoshin FM da muke kamawa suna tsakanin 88 ne da 108, ke nan wannan ta ninka su kusan sau ɗari. Igiyar takan bugi ƙarfen mota ta dawo, sai na'urar ta gwada wadda ta fita da wadda ta dawo. Kowane kilomita ɗaya a awa yana kawo bambancin kaɗawa kusan 19 da rabi a cikin sakan. Motar da ke gudun 50 za ta kawo bambancin kusan 975, mai gudun 100 kuma ta kawo ninkin haka. Ƙirga wannan bambanci shi ne duk aikin, kuma ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki ba ta kuskuren ƙirga don an sa ta a cikin roba mai arha. Da wannan dokar ce ungozoma a asibiti take jiyar da mai juna biyu bugun zuciyar abin da ke cikinta ranar awo. Ban taɓa jin wanda ya ce waccan na'urar ƙarya take yi ba.

Kai, zangon 10,525 ɗin nan ma shi ne 'yan sandan Amurka suka shafe shekaru suna rubuta wa direbobi tara da shi, kafin su koma zanguna masu kaɗawa fiye da haka. Su kansu a jihar Konetikat suka fara gwada abin a 1947, da na'urar da John Barker da Ben Midlock suka ƙera, wadda girmanta sai bayan mota. Abin da ya ɗauki but ɗin mota a zamanin kakanninmu, yau ga shi a hannun yaro da batir ɗin tocila. Ni abin mamaki nake gani a nan, Malam kuma abin tsaki ya gani.

Amma kada a ce na zo tallan haja. Akwai inda Malam ya yi gaskiya, ko da yake ba ta ƙofar da ya shiga ba. Na'urar tana auna gudu, ba ta san mai gudun ba. Igiyar da take fitarwa tana bazuwa ne kamar hasken tocila, duk abin da ya fi mayar mata da amsa mai ƙarfi shi take kamawa. Idan Adaidaita Sahu tana gaba, tifar yashi na biye da ita a guje, yaro zai rantse da Allah cewa mai Adaidaita ya auna, alhali gudun tifa ya karanta. Fanka na iya ruɗa ta. Ƙarfinta kaɗan ne, ba ta hangen nesa. Wannan ciwo ba ita kaɗai ke da shi ba. A 1979 wani gidan talabijin a birnin Mayami ya nuna radar 'yan sanda tana cewa bishiya na gudun mil 86 a awa, gida kuma yana gudun 28, har wani alƙali mai suna Alfred Nesbitt ya ƙi karɓar shaidar rada a shari'o'i da dama. Tun daga irin wannan abin kunya aka tsaurara ƙa'ida: a riƙa gwada na'ura da wani ƙarfe mai baki biyu wanda in an buga shi yake amo a kan lamba sananniya, a horar da mai riƙewa, daga baya kuma aka kawo mai aiki da hasken leza, wadda faɗin haskenta bai wuce kusan mita ɗaya ba a nisan mita 300, don haka tana iya tsamo mota ɗaya daga cikin jeri. Bindigar yara ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Duk wanda ya kai lambarta gaban alƙali ya cancanci a kore shi, kuma ni zan fara yi masa dariya kafin Malam.

To amma wa ya ce kotu za a kai ta? Nan ne nake ganin Malam ya haɗa awo da hukunci ya ɗaure su da igiya ɗaya. Uwa tana taɓa goshin ɗanta ta ce jikinsa da zafi, ba ta zama likita ba, kuma ba wanda ya ce ta daina taɓawa.

Sannan akwai wani abu game da kuskuren wannan na'ura da ya kamata direbobi su yi murna da shi. Rada tana auna saurin da abu ke tunkaro ta ne kai tsaye. Mai tsaye a gefen titi kuwa a karkace yake kallon mota, kuma duk yadda karkatar ta ƙaru, lambar raguwa take yi. A ce yaro yana tsaye mita biyar daga layin da motar ke bi, ya kama ta tana nisan mita goma daga gare shi. Kusurwar digiri 30 ke nan, kuma motar da ke gudun 80 za ta bayyana a matsayin 69. In kusurwar ta kai digiri 60, rabin gudun kawai zai gani. In motar tana daidai saitinsa tana giftawa, sifili. Tunda bindigar yaran ba ta kama mota sai ta matso, kusan kullum a karkace take awo, ke nan kusan kullum rage wa direba laifi take yi. Idan titi ba cunkoso, mota ɗaya ce tak a gabanka, na'urar ta ce 70, to ka tabbata mutumin bai gaza 70 ba. Mai shaidar da ke sassauta wa wanda ake tuhuma, da wuya a kira shi maƙaryaci a kansa.

In Malam bai yarda da robar Amurka ba, ga hanyar da ba ta buƙatar dala ko ɗaya. A auna mita 100 a gefen titi, daga wannan turken lantarki zuwa wancan shago, a sa alama. A ɗauki agogon wayar hannu, a danna in mota ta shiga, a danna in ta fita. A raba 360 da yawan sakan ɗin da aka samu. Wadda ta cinye sakan 7.2 gudun 50 take yi. Mai sakan 4.5 tana kan 80. Mai 3.6 ta kai 100. Da irin wannan dabara 'yan sandan Ingila suka riƙa kama masu gudu a farkon ƙarnin da ya wuce, suna laɓe a bayan shinge da agogo a hannu, har masu motoci suka kafa ƙungiya a 1905 suna tura masu keke su gargaɗi juna. Ɗalibaina sun sha haɗa hanyoyin biyu, wasu na riƙe da agogo, ɗaya na riƙe da bindigar, sannan mu koma aji mu yi musun dalilin da ya sa lambobin suka ɗan saɓa. A wannan musu suke gane abin da kusurwa take nufi, abin da na kasa cusa musu da alli a zango guda.

Malam ya ce a bar wa hukuma aikinta. Madalla. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana nan tun 1988, kuma dokarta a bayyane take: ƙaramar mota kada ta wuce 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. A watan Fabrairun 2017 ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. A Kano ga KAROTA. Amma ko da an ninka jami'ansu sau goma, ba za a samu mai tsayawa a ƙofar kowace Islamiyya da ƙarfe shida na yamma ba, lokacin da ake sakin yara kamar an buɗe akurki. Mu duba abin da muke yi a maimakon haka. Shekara da shekaru ana cewa "motocin nan suna gudu," kowa ya gyaɗa kai, ba a yi komai ba. Ranar da aka take yaro sai unguwa ta tashi, a far wa direba, wani lokaci a cinna wa mota wuta, kafin gari ya waye an jibga tudun kankare a tsakiyar kwalta, ba fenti ba alama, wanda zai kayar da ɗan acaba na farko da ya biyo da asuba. Wannan shi ne ɗaukar doka a hannu da ya kamata Malam ya yi wa rubutu. Takardar da za ta je wa mai unguwa, daga shi zuwa ƙaramar hukuma, tana cewa mun tsaya kwana kaza a wuri kaza, mun auna motoci kaza, ga yawan waɗanda suka haura 50, ita ce akasin wancan. Jami'in da aka kai wa koke yana iya cewa kowa ma haka yake faɗa. In lissafi aka kai masa, sai dai ya zo da na'urarsa ya ƙaryata, kuma zuwan nasa shi ake nema tun farko.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. A Ingila da Wales 'yan sanda da kansu suke horar da mutanen unguwa, su ba su na'ura da riga mai ƙyalli, su tsaya su rubuta lambar motar da ta wuce ƙa'ida. Ba sa tare kowa, ba sa cin tarar kowa. 'Yan sanda ne ke aika wa mai motar wasiƙar gargaɗi. Hukumar can ba ta ga an ƙwace mata aiki ba, ido ta ga an ƙara mata.

Akwai kuma wanda Malam ya manta da shi ɗungurungum, wato direban kansa. Ya shiga tasha ya leƙa gaban motocin haya ya ƙirga nawa ne malejinsu ke motsi. Da yawa allurar ta kwanta tun kafin mai motar na yanzu ya saye ta, direba da ƙarar inji da iskar taga yake kintace. Waɗanda nasu ke aiki ma akwai tarko. Motocin da ake shigowa da su daga Amurka manyan lambobin malejinsu mil ne, kilomita kuwa ƙanana ne a ciki, sai an ƙura ido. Mutum ya ga allura a kan 50 ya ce ai ina kan doka, alhali 80 yake yi. In ta hau 60 ya kusa 97. Na taɓa nuna wa wani maƙwabcina wannan a motarsa da ya shekara uku yana tuƙawa, ya daɗe yana kallon gilashin kafin ya yi salati.

Wani zai ce mene ne tsakanin 50 da 80, ai duk tafiya ce. Ga abin da ke tsakani. A ce kwalta busasshiya ce, taya da birki lafiya lau, direba kuma ya ɗauki sakan ɗaya kafin ƙafarsa ta kai birki. Mai gudun 50 zai tsaya cik bayan kusan mita 28. Mai gudun 80 zai cinye mita 22 kafin ma ya taɓa birki, kuma a daidai wurin da na farko ya tsaya, shi yana nan yana gudun sama da 70. Yarinyar da ta tsallako da allonta a wannan wuri, a hannun direba na farko tsawa za ta sha, a hannun na biyu kuwa sai dai a yi wa iyayenta ta'aziyya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Su ne sa'o'in yaran da Malam ya tarar a bakin titi.

Batun sa ido kuwa, ina ganin Malam ya faɗaɗa kalmar fiye da ƙima. Ɗan sa ido shi ne mai leƙa tukunyar maƙwabci, mai ƙirga zannuwan matar wani. Gudun da mota ke yi a ƙofar gidanka ba sirrin kowa ba ne, tunda ƙashin ɗanka ne zai biya. Iyayenmu sun koya mana cewa hanya tana da hakki a kan mai binta da mai zama a gefenta. Yaron da ya san cewa ƙarfin karon mai gudun 80 ya ninka na mai gudun 50 sau biyu da rabi, shi ne gobe in ya kama sitiyari zai tuna.

Da Malam ya so ya kama ni, ga inda zai kama ni, kuma ina mamakin yadda bai tsaya a kai ba. Abin siffar bindiga gare shi. A garuruwan da aka ƙera shi domin su, yaro ya nuna roba ga mota ba komai ba ne face wasa. A ƙasar da matafiyi ke addu'a tun daga Abuja har Kaduna, direban da ya hango hannu ya miƙo wani abu daga gefen titi da magariba yana iya sheƙa sitiyari ya afka wa mutane, jami'in tsaro kuma ba lallai ya tsaya tambaya ba. Wannan ya isa dalilin da zai sa a ce kada a bar yara su kaɗai da ita a bakin titi, kada a fita da ita da dare, kada a kai ta babbar hanya, kada a tare kowa ko a yi masa ihu. Ni tawa a cikin kwalin takalmi nake sa ta, in ɗora a kan benci, domin igiyar tana ratsa kwali ba tare da wata matsala ba. Direba ba ya ganin komai sai malami da ɗalibai da littafi. Da Malam ya ce a gyara yadda ake riƙe ta, da na sa hannu a ƙarƙashin rubutunsa. Shi kuwa cewa ya yi a jefa ta a shara.

Saboda haka ina gayyatar Malam. Ya zaɓi ranar da ta yi masa, mu haɗu a ƙofar makarantar da ke unguwarsu lokacin tashi, mu sanar da mai unguwa, mu auna mita 100. Ya riƙe agogo, in riƙe kwali. In bayan mota ashirin lambobinmu sun yi hannun riga, zan dawo wannan fili in janye maganata da sunana. Ya dai tabbatar yaran sun mayar da maɓallin kan ɗaya bisa ɗaya kafin mu fara.